Mararrabar da Akwatin Kwamared Pompey Ya Tsaya

A San Fernando ta tsibirin Trinidad, ba a kai mamaci maƙabarta sai an bi da akwatinsa ta wurin da ya fi ƙauna, an ɗan tsaya ya yi sallama. Wannan al'ada ce ta jefa Verna cikin ruɗani ranar jana'izar mahaifinta, a shekarar 1971.

Mahaifin nata, Ignatius Pompey, shi ne ya fitar da masu lodin jiragen ruwa yajin aiki a 1937, Turawan Ingila suka ɗaure shi. Shi ya kafa musu ƙungiya. A 1952 ƙungiyar ta kore shi, wai ɗan gurguzu ne, zai ja mata fushin gwamna. Bai sake taka ofishinta ba. Verna dai ta san shi tsoho ne mai shiru, mai kiwon tattabaru.

Da aka iso mararraba, masu ɗauke da akwatin suka rabu. Na dama suka ja zuwa ofishin ƙungiya, na hagu suka ja zuwa maƙabarta, gawa ta tsaya a karkace.

Selwyn, sakataren ƙungiya na yanzu, ya matso yana share gumi. Ya ce, "Ƙanwata, gidansa ne fa. Shi ya ɗora tubalin farko. Mun rataye hotonsa, jama'a na jira."

Tsoho Boysie, wanda suka yi zaman kurkuku tare da marigayin, ya ce, "Hoton da kuka ciro daga bayan kabad? Kun dai kakkaɓe kashin ɓeran ko?"

Selwyn ya ce, "Kawu Boysie, ina makaranta aka yi wannan rigimar."

"Ubanka ba ya makaranta. Hannunsa na gani a sama ranar ƙuri'ar korar Pompey." Ya juyo wajen Verna. "'Yata, da bakinsa ya ce mini ko gawarsa kada ta ga ƙofar nan."

Selwyn ya ce, "Ni kuwa bara ya tare ni a kasuwa, yana tambaya ko an gyara rufin ofishin. Mai ƙin gida yana tambayar rufinsa?"

Verna ta dubi wannan, ta dubi wancan. Duk maganganun biyu sun yi kama da na mahaifinta, kuma bai taɓa faɗa mata ko ɗaya ba. Kafaɗun masu ɗauka sun fara rawa, limamin coci yana duba agogo.

Ta ce, "Ku bi ta ofishin. Amma kada ku tsaya."

Haka aka yi. Akwatin ya wuce ƙofar da sauri, masu jira suka cire huluna, wanda aka shirya zai yi jawabi ya buɗe baki ya rufe.

A maƙabarta Selwyn ya riƙe hannunta, ya gode mata da ta maido musu da shugabansu gida. Boysie ya rungume ta yana dariya, ya ce ba a taɓa yi wa maciya amana wulaƙanci irin na yau ba. Ta amsa wa kowa da kai. Har aka gama tura ƙasa ba ta san wanne daga ciki ta aikata ba.