Helima Haladu da Masu Neman Aiki

A shekarun da kuɗin fetur suka cika ƙasa, Haladu ne helima, wato shugaban leburori, a kamfanin gine-gine na Alhaji Mele a Kazaure. Aikinsa shi ne nemo ma'aikata, kuma su ne suka yi wuyar samu. Kwangila tana bin kwangila: ajujuwan firamare a Roni, ɗakin shan magani a Gwiwa, kwalbati a hanyar Babura. Alhaji zai sa hannu a takarda, ya juyo ya ce, "Haladu, a samo mutane," sai ka ce a rumbu ake ajiye su.

Haladu ya bi kasuwanni a kan babur har ƙugunsa ya riƙe. Samari duk sun tafi Kano, inda masaƙu ke ɗaukar duk wanda ya zo. Wanda ya lallaɓo yau, jibi sai a ce an gan shi a tasha da ƙunshin kayansa. Wanda ya fi ƙona masa rai shi ne Sama'ilu, ɗan ƙanwarsa Rahamatu, wanda shi da kansa ya koya wa ɗora bulo.

"Kawu, a yi haƙuri," in ji Sama'ilu. "A masaƙa a inuwa ake aiki. Na gaji da rana."

"Da ranar aka raine ka," Haladu ya ce, amma Sama'ilu ya riga ya yanki tikiti.

Ana nan sai farashin fetur ya faɗi, gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu. Kwangila ta ɗauke. Masaƙu suka fara sallamar mutane, motocin da suka kwashe samari suka dawo da su. Kullum da safe Haladu zai tarar da zaurensa cike, har da waɗanda ya taɓa roƙa a baya suka yi masa dariya. Kowa ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya zauna ya zuba masa ido.

"Malam, yau ma kokon bai kai ba," matarsa Saude ta ce masa daga tsakar gida. "Ko ka gaya musu babu aiki, ko ka ƙaro gero."

"Na gaya musu. Sun ce za su jira."

"Jiran me?"

"Ki fito ki tambaye su."

Da rani ya tsaya, Alhaji Mele ya samo 'yar kwangilar haƙa rijiyoyi a wasu ƙauyukan Gwiwa. Haladu ya dawo gida da murna, ya tsaya a bakin zaure ya ce ana neman wanda ya iya haƙa rijiya da ɗaure ta. Ɗaya ya ce shi injin saƙa ya sani. Wani ya ce shi a kamfanin alewa yake ɗaure kwali. Sama'ilu, da ke can lungu, ya ce in dai bulo ne bai manta ba.

Haladu ya dafe kai. Gari cike da marasa aiki, ga aiki a hannu, amma sai da ya sake hawa babur yana cigiya. A Roni aka ce masu haƙa rijiyar sun bar sana'ar tun lokacin da kuɗi ke yawo, sun koma tuƙi. A Gwiwa aka ce saura dattijo ɗaya, Baba Kura na Babura, shi ma ya tsallaka Nijar, don yanzu sefa ta fi auki.

Ya yi ta zarya har ya dace da shi ranar kasuwar Babura, yana taya akuya. Haladu ya cire takalmi ya gaishe shi, ya faɗi buƙatarsa.

"Ina da rijiya a can ban kai ga ruwa ba," in ji Baba Kura. "In na gama zan zo. Amma ni yanzu ba na shiga rami. Ka ba ni masu ƙarfi, in zauna a baki ina nuna musu."

Alhaji ya yi faɗa kan jinkirin, kuma Haladu ne ya sha faɗan. Da dattijon ya iso, Haladu ya kwashi 'yan zaure ya kai masa. Rabinsu suka leƙa ramin suka tuna suna da uzuri a gida. Sama'ilu ya shiga yana salati, washegari kuma ya sake shiga. Aka gama rijiyoyin daf da saukar damina, Alhaji bai ce an gode ba, wata kwangilar kuma ba ta zo ba.

Baba Kura ya yaba da hannun Sama'ilu, ya tafi da shi Nijar inda ake jiransu da aiki. Haladu ya ce ko ba komai ya rage mutum ɗaya. Bai gama faɗa ba sai ga Rahamatu ta yi sallama, ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, aiki na ce ka samar masa. Ban ce ka fitar mini da ɗa daga ƙasa ba."

Haladu ya miƙe. Ya ce wa Saude ta kawo wa baƙuwa ruwa, shi kuma ya zura takalmansa ya fice ta ƙofar baya, don kada 'yan zaure su tare shi.