Jegon Ta-Dungu

A Matameye akwai wata ungozoma mai suna Shekara. Rabin mutanen unguwarsu ita ta yanke musu cibi. Tana da wata tsohuwar kyanwa da aka kawo mata daga Dungu cikin kwando tun tana 'yar mitsitsiya, shi ya sa ake ce mata Ta-Dungu. Kyanwar tana da wani hali da ban taɓa gani ga wata ba: ba ta cin ɓera, sai ta kashe ta jera su a ƙofar ɗaki, kawuna duka suna kallon gabas.

Da tsufa ya kama ta sai ta daina ko jerawar. Taku kaɗan za ta yi ta tsaya tana haki, haƙarƙarinta na sama da ƙasa. Wata safiya cikin bazara Shekara na dama fura ta ji wani kuka kamar na jariri. Ta leƙa ta ga Ta-Dungu na jan jiki da ƙafafun gaba, na baya suna biye da ita kamar tsumma. Ta taɓa su, sanyi ƙalau, alhali gari ya ɗau zafi tun hantsi.

Ƙanenta Illa, wanda suke gida ɗaya tun rasuwar mijinta, ya ce faɗowa ta yi daga katanga. Aka kira maɗori, ya lalube ƙashi ɗaya bayan ɗaya, ya ce babu karaya, ya tafi yana dariya.

Ranar kasuwa ce, kuma likitan shanu ya zo daga Damagaram yin allura, wani dogo da ake kira Cha'ibu. Shekara ta sa kyanwar cikin ƙwarya ta rufe da faifai, ta ratsa ta tsakanin Fulani da shanunsu har gabansa. Ya so ya kore ta, amma da ya ga furfurarta sai ya tsuguna. Ya sa robar nan tasa a kunne, ya daɗe yana sauraren ƙirjin kyanwar. Ya ce zuciyar ta tsufa, ba ta tura jini yadda ya kamata. Wani gudan jini ya daskare a ciki, ya gangara ya toshe hanyar da ke kai wa ƙafafu.

"Iya, ba ni da maganin wannan," in ji shi. "Ki ajiye ta wuri mai sanyi, kada ki wahalar da ita."

Shekara ta yi godiya, amma a hanyar gida tsaki kawai take yi. Jini ya daskare, an ce kuma a kai wuri mai sanyi? Ita da ta tsufa tana narkar da daskararren jini a jikin mata? Duk mai jegon da jini ya kwanta mata a mara, wuta ce maganinta, da ruwan zafi da kunun kanwa. Mutumin ya san ciwon, magani ne bai sani ba. Ta rantse sai Ta-Dungu ta taka ƙasa da ƙafa huɗu.

Ta hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa, irin wanda ake gasa masu jego a kai. Ta tafasa ganyen runhu, ta riƙa tsoma tsumma tana danna ƙafafun. Ta dama kunun kanwa ta ɗura mata da ludayi. Kyanwar ta tofar, ta yage mata hannu.

Illa ya tsaya a bakin ƙofa yana fifita da hularsa. Ya tambaya ko yaushe ne suna, don ya sayo goro. Ta ce masa in ba zai ƙaro itace ba ya ba ta wuri.

Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne, da ta juya baya sai kyanwar ta sulalo daga gadon ta faɗo ƙasa tim, ta ja ciki har gindin randa, ta kwantar da kai a kan jiƙaƙƙen yashi. Shekara ta ɗauko ta ta mayar. Ta je jan ruwa ta dawo, ta same ta a gindin randa. Ta sake mayarwa. Masu jego ma haka suke gudun wuta, in ji ta, amma daga baya su ne masu godiya. Har ta kife kwando a kanta ta danne da dutsen niƙa.

Kwanaki suka shige a haka. Itacen gidan ya ƙare, ta fara zare karan danga. Aka zo kiranta haihuwa a Kance, ta ce a nemi wata. Kullum da safe sai ta matsa ƙafafun tana jiran ta ji ɗumi, ko farce ɗaya ya motsa. Ɗumin da take ji na gado ne, da ta ɗaga su sai ya gudu. Hakin kuwa ƙaruwa yake yi. Kyanwar ta koma numfashi da baki buɗe, harshe a waje kamar kare, kuma harshen ya yi shuɗi-shuɗi.

Wata azahar Illa ya ɗaga kwandon ya duba. Wannan karon bai yi ba'a ba.

"Yaya, ƙafa kike nema, rai yana fita."

"Kai me ka sani? Ka taɓa karɓar haihuwa?"

"Ban taɓa ba. Amma ki dubi bakinta."

Ta duba. Ta san wannan launin, ta taɓa ganinsa a leɓen matan da ba su tashi ba. Ta yar da tsumman da ke hannunta. Sai ta ɗauki tukunyar runhun ta kwara wa wutar, ɗakin ya cika da hayaƙi da toka. Ta fito tana tari tana zagin itacen da likitan shanu da Illa gaba ɗaya, ta shimfiɗe kyanwar a inuwar zaure a kan tabarma da aka yayyafa wa ruwa.

Kafin la'asar bakin ya rufu. Washegari ta lashi nono kaɗan.

Ƙafafun ba su tashi ba. Suka tsotse, suka zama kamar sillen kara. Shekara ta yage gefen tsohon zanenta, ta riƙa zura shi ƙarƙashin cikin kyanwar tana ɗaga bayan, ita kuma tana takawa da na gaba. Haka suke zagaya tsakar gida safe da yamma, tsohuwa a duƙe, kyanwa a gaba tana zaɓar hanya. Maƙwabta har leƙe suke ta saman danga.

Ta-Dungu ta kai har gero ya fid da kai, sannan ta mutu. Da Illa ya gama haƙa rami a bayan rumbu, Shekara ta riƙe ƙafafun bayan a tafin hannunta ta daɗe, sannan ta miƙa masa ita, ta ce ya ƙara zurfi saboda karnuka.