Gyare a Kunnen Asama'u

Ni Attahiru na harba bindiga kusa da kunnen matata Asama'u. Da hantsi ne, a fadamata ta bakin kogin Kwara, shekara biyu da suka wuce.

Shinkafa ta fid da kai, jan baki suka sauko kamar hayaƙi. Wuni ɗaya ya ishi tsuntsayen nan su cinye noman shekara. Na ja igiyar gwangwani har hannuna ya yi kanta. Na yi ihu har murya ta dishe. Sai na ɗura wa harba-ruga albarushi fiye da yadda na saba, don ƙarar ta kai ƙarshen gona. Ban ji zuwanta ba. Ta kawo mini fura, ta durƙusa ta hannun damana za ta ajiye ƙwarya. Shekara arba'in haka take zuwa, ba motsi, don ta san ba na son a katse ni. Na danna kunamar bindiga.

Ƙwarya ta kife. Ta dafe kunnen hagu.

"Mi ya kawo ki ta nan?" na ce. Abin da ya fara fita bakina ke nan.

"Ba komai, Malam," ta ce. Ta ɗauki ƙwaryar ta tafi.

Kwana biyu bayan haka ta ce mini akwai gyare a kunnenta, yana kuka, ba ya hutawa. Na ce zai wuce. Na narka man shanu na ɗiga mata safe da yamma. Autarmu Halima Sa'adiya, da ke aure a Lolo bakin iyaka, ta kira waya ta ce a kai ta asibiti. Na ce sai an gama yankan shinkafa.

Ba yanka ya hana ni ba. Shekara talatin ina riƙe da bindiga a ƙasar Bagudo, ban taɓa ji wa ko akuyar wani ciwo ba. Ban so a zauna ƙofar masallaci ana cewa Attahiru ya kurmanta matarsa. Ban gaya wa kowa ba. Ita ma ba ta faɗa ba.

Gidana gidan shiru ne, kowa ya sani. Ba rediyo, ba shewa, turmi ma can bayan rumbu yake. Da wannan nake alfahari. Yanzu sai in shigo in tarar da ita zaune a tsakar gida, ta karkata kai gefe guda kamar mai sauraron wani daga nesa. In na yi magana sai ta juyo da kunnen dama. Barci ya ƙaurace mata. Ta rame. Ta fara ƙona tuwo, ita da ba ta taɓa ba.

Da aka gama yanka na tashi neman magani. Na kai ta wurin wani wanzami a Bahindi. Ya ce mugun jini ne, ya yi mata ƙaho a bayan kunne. Gyare bai tafi ba. Aka ba ni labarin wani mai magani a Segbana, cikin ƙasar Binin. Muka bi ta Tsamiya a kan babur, ta riƙe rigata duk hanyar. Ya ba mu turaren hayaƙi da sassaƙe, ya ce ta lulluɓa kwana bakwai. Ta lulluɓa kwana goma sha huɗu. Idanunta suka yi ja, gyare yana nan.

Sannan na kai ta asibiti a Birnin Kebbi. Likitan ya leƙa kunnen da 'yar fitila, ya dube ta.

"Mama, kafin abin ya fara, wata ƙara mai ƙarfi ta taɓa tashi kusa da ke?"

A wurinmu, in miji yana zaune, shi ke ba baƙon namiji amsa. Na ba shi.

"Babu. Haka kawai ya zo."

Ya sake dubanta. Ta dubi ƙasa. Ba za ta ƙaryata ni gaban baƙo ba, na kuwa san haka tun kafin in buɗe baki. Ya auna jininta, ya wanke kunnen, ya rubuta mana takardar zuwa Sakkwato.

Zuwa Sakkwato Halima Sa'adiya ta ce sai ta bi mu. Ta yi boko har sakandare, kullum tana latsa waya tana karanto mana abin da masu bincike suka gano game da ciwon. A mota ta ce wai a ƙasar Turawa suna gwada wani abu da ake ɗorawa a harshe.

"Kunne ka kuka, a sa wa harshe magani?" in ji Asama'u. "To su sa wa babanki, ko ya samu ya yi magana."

Suka yi dariya su biyu. Ban yi ba.

A can aka shigar da Asama'u wani ƙaramin ɗaki ita kaɗai, aka rufa mata kunnuwa da wani abu mai waya, aka ce ta ɗaga hannu duk sa'ad da ta ji sauti. Ina kallonta ta gilashi. Da aka zo kunnen hagu, hannun ya daɗe a cinyarta.

Likitar mace ce. Ta shimfiɗa takarda mai zane a kan tebur, ta ɗora yatsa inda layin ya faɗa ƙasa.

"Irin wannan ramin, sau da yawa ƙara mai ƙarfi ke yin sa. Injin niƙa, ko bindiga. Kunne ɗaya kuma. Baba, akwai abin da ya faru?"

Na kau da kai. Asama'u tana gyara bakin mayafinta.

Likitar ba ta matsa ba. Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, ban riƙe ba. Ta ce da an zo a kwanakin farko akwai maganin da ake bayarwa, wani lokaci yana taimakawa, wani lokaci ba ya yi. Yanzu wata goma sha ɗaya, lokacinsa ya wuce. Ta ce ba ta da ƙwayar da za ta kashe ƙarar. Akwai na'urar ji da ake maƙalawa a kunne. Akwai zama da masu koya wa mutum yadda zai daina bin ƙarar da hankalinsa. Abu mafi sauƙi kuma, kada a bar ta cikin shiru. A bar rediyo ƙasa-ƙasa, ko fanka, ko hirar mutane. Shiru ne ke ƙara wa abin ƙarfi.

A tasha Halima Sa'adiya ta tsaya gabana. Ba ta taɓa kallona cikin ido ba sai ranar.

"Baba, bindiga ce?"

"Uwarki ta gaya miki?"

"Inna ba ta ce komai ba. Takarda ta faɗa."

"Ƙaddara ce," na ce. "Ku shiga mota."

Da muka dawo na sayi rediyo a kasuwar Bagudo. Shi ne na farko da ya shiga gidana. Na ajiye mata a ƙofar ɗaki. Ta kunna. Kwana tara yana magana ƙasa-ƙasa, har na ga ta yi barcin rana sau ɗaya. A na goma na dawo daga gona, rana ta dake ni, shanun wani sun shiga mini karmami. Na ji ana kiɗa a tsakar gidana.

"Kashe wanga abu," na ce.

Baki ne ya riga ni. Ta miƙa hannu ta kashe. Ta naɗe shi cikin zane ta sa a ƙarƙashin gado. Washegari na ce ta kunna. Ta ce batir ya mutu. Na sayo batir. Yana nan cikin ledarsa har yau.

Da Halima Sa'adiya ta haihu, Asama'u ta tafi Lolo taya ta jego. Kwana arba'in aka ce. Wata bakwai ke nan.

Ban zauna ba. Na tambayi direbobin da ke shiga Binin, na tambayi fataken shanu a Kamba. Wani ya ce akwai likitan kunne a Faraku, can cikin Binin, da ke da injuna sababbi. Na sa aka rubuta mini sunan unguwar. Ran Laraba na je Lolo.

Gidan surukina Bunyaminu yana bayan kasuwa. Daga zaure kana jin injin niƙa can nesa, da injunan jiragen ruwa, da masu babura, da mata suna ciniki da harshen Dandanci. Ni ba zan iya wuni a wurin ba. Na tarar da Asama'u a gindin katanga, jaririya a cinya, tana tsince shinkafa. Ta yi ƙiba kaɗan. Tana waƙa a hankali. Rabon da in ji ta tana waƙa tun muna yara.

Ta ganni ta yi shiru. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta juyo da kunnen dama.

"Malam, an zo lafiya? Ya gida?"

"Gida yana nan. Na samo likita a Faraku. Na yi magana da mai mota, jibi za mu tafi. Daga can mu wuce gida."

"An yi ƙaho, an yi hayaƙi, an yi gilashi. Kunnen ya gaji, Malam."

"Wanga daban ne."

"A nan ba na jin shi sai an ɗauke wuta kasuwa ta tashi. Ko a lokacin, ga kukan 'yar nan."

"Za a kunna rediyon. Kullum. Ni zan kunna da hannuna."

 Ta ci gaba da tsintar tsakuwa. Halima Sa'adiya tana bakin madafa, ta daina abin da take yi. Bunyaminu ya shigo da buhu a kafaɗa ya tsaya. Na dube su. Na cire hulata na riƙe a hannu, abin da ban taɓa yi gaban suruki ba.

"Ni na harba bindigar," na ce. "Ni na hana a kai ta asibiti. Ni na ce wa likita babu."

Babu wanda ya motsa. Injin niƙa yana ta yi.

"Na sani, Malam, ai ina wurin," in ji Asama'u. "Na yafe tun a gona. Sa hularka, yara na kallo."

Na sa.

"To tashi ki haɗa kayanki."

Ta gyara wa jaririyar kwanciya. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da na san abin yi.

"A'a," ta ce. "Ba ni zuwa Faraku, ba ni kuma komawa gidan nan."