Sallama a Bayan Baƙin Gilashi

Rana ta fara karkata, ruwa yana ta bin kunyoyi, amma gonar Malam Uba ba kowa sai shi da matarsa Iyatu da autansu Abdulsamad. Malam Uba ya je bakin kanal ya leƙa hanya, ya dawo. Ya ɗaga jiƙaƙƙen buhun da aka rufe irin tumatir da shi, ya taɓa ganyen, ya mayar, ya sake komawa bakin kanal. Ko kare bai gani ba.

Irin tumatir in an tuge shi daga inda aka raine shi, ba ya kwana. Ko dai ya shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa a yinin, ko a zubar. Ruwa kuwa a wannan yanki na tsakanin Kura da Bunkure layi-layi ake ba da shi. Yau na ɓangarensu ne, da magariba mai getin kanal zai rufe, sai kuma wani makon. Shi ya sa Malam Uba da abokansa suke dashe da gayya tun suna samari: yau a gonar wannan, gobe a ta wancan, kowa ya zo da 'ya'yansa. Ya raba goro gida-gida tun farkon mako, kowa ya karɓa ya ce in Allah ya yarda. Da wannan alkawari ya tuge irinsa kakaf da safe. Iyatu ta yi dambu cike da masaki, ga fura a inuwar mangwaro, ƙuda sai kewaya ta yake.

"Baba, don Allah ka bari in nemo 'yan ƙwadago," in ji Abdulsamad.

"A ina? A aljihunka suke? Duk mai hannu biyu yau yana gonakin Kadawa tun asuba."

"To, ko in kira wani a waya..."

"Kai, tafi! Koma wajen motarka, tana can tana kewarka."

Yaron ya sunkuyar da kai ya kama hanyar gida.

Motar ce dai. Shekaranjiya ta shigo gari, ja wur, mai ƙofa biyu da kujera biyu, cikinta kamar ya shafi ƙasa, tana gurnani kamar an ɗaure zaki a ciki. Abdulsamad kayan sola yake sayarwa a Abuja, Allah kuwa ya buɗa masa, motar tasa ce halak malak. Amma kafin injin ya huce gari ya gama yi mata shari'a. Mai shayi ya ce motar da ba ta ɗaukar ko kwandon tumatir ɗaya ai ta marasa aikin yi ce. Mata a wajen niƙa suka ce kujera biyu rak, wato mai ita ya riga ya sallami dangi. Samari suna ɗaukar hoto a jikinta, suna komawa gefe suna cewa irin wannan sai masu damfara a waya. Duk ya dawo kunnen Malam Uba.

Abin da ya tsaya masa a wuya na jiya ne. Yaron ya matsa sai ya kai shi masallacin Juma'a a Bunkure. Malam Uba ya shiga da ƙyar, gwiwoyinsa kusa da haɓa. Da suka zo kwalbati, inda abokansa suke zama a gindin darbejiya, ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Salamu alaikum!" Ya ƙara da ƙarfi. Muhammadu Sani, amininsa, Bafillacen da ya daɗe da kafa gida a bayan kanal, ya dube shi ƙiri-ƙiri, ko motsi bai yi ba. Sauran ma haka, suka bi motar da ido har ta wuce. Malam Uba ya ce a ransa, ashe haka hassada take, tsufa ma ba ya kashe ta.

"Malam," in ji Iyatu, "kaiwa da komowar nan ba za ta dasa ko tushe ɗaya ba. Ka je ka ji."

"In je in roƙi mutanen da na yi wa sallama suka share ni?"

"To zauna. In ya bushe sai mu yi miya da shi."

Ya harare ta. Ya sake ɗaga buhun. Na saman sun fara langaɓewa, ganyen ya yi laushi kamar tsumma. Ya yayyafa musu ruwa, ya gyara hula, ya ja kekensa.

Usaini ya fara cin karo da shi, maƙwabcinsa na gona, zaune a kan babur yana cin rake.

"Usaini, ba ka ci gorona ba?"

"Na ci, Baba." Ya yi ta kallon ƙasa. "Wallahi cewa aka yi an fasa. Wai injin dashe za a kawo maka daga Abuja."

"Wa ya ce?"

"Haka dai ake faɗa. Kuma ni kunya na ji. Mutum ya tashi da tsummansa ya ce zai taimaki gidan da ake ajiye irin wannan mota? Sai a ce kwaɗayi ya kawo shi. Kuma su Baba Sani ma sun ce ba za su ba."

Malam Uba ya taka keke kamar ana korarsa.

Suna nan a gindin darbejiya, a kan tabarminsu. Ya jingine keke ya yi sallama. Aka amsa a daƙile. Muhammadu Sani, wanda tun suna yara ba ya kiransa da komai sai Kaɗo, sunan da Fulani ke tsokanar Bahaushe da shi, ya gyara sandarsa ya ce, "A'a, ranka ya daɗe! Yau a keke? Ina dokin naka?"

"Sani, irina yana mutuwa."

"Allah ya sauwaƙe. Ai manya ba sa rasa masu aiki."

"Ka karɓi gorona."

"Na karɓi goron Uba. Wanda ya wuce mu jiya ban san shi ba. Muna ganinka daga nan ka shiga, muka gyara zama muna cewa yau za mu tsokane ka. Kuka zo kuka wuce fuu, ko tari ba ka yi mana ba. Shanuna ma in sun zo wucewa sukan waiwayo."

"Ni? Ni ban yi sallama ba? Hannu biyu na ɗaga! Sau biyu na yi! Kai na kalla, kai ma ka kalle ni, ka yi kamar ka ga kututture!"

"Uba, ka ji tsoron Allah, da furfurarka."

"Wallahi tallahi na yi!"

Dalhatu, wani dattijo daga gefe, ya ce, "Har da rantsuwa? Kai, mota ta iya sauya mutum."

Malam Uba ya tsaya yana huci, ya dubi rana, ta sauka kan bishiyoyin bakin kanal. Ya ja kekensa. Gida ya nufa, ba don komai ba sai don ya sauke wa yaron abin da ke cinsa.

Motar tana ƙofar gida, yara sun watse. Ya jefar da keke ya ƙwala kira, "Auta!" Yana jira sai ya tuna tun jiya carbinsa yana kan kujera. Ya sunkuya ya leƙa ta gilashi don ya gani. Bai ga carbi ba, bai ga kujera ba. Wani tsoho ya gani mai jan ido da karkatacciyar hula yana hararar sa. Ya kare fuska da tafin hannu ya manna hanci. Duhu kawai.

Abdulsamad ya fito da sauri.

"Kai, me ya sami gilashin nan?"

"Ba komai, Baba. Haka yake. Na ciki yana ganin waje, na waje ba ya ganin ciki."

"Murya fa?"

"In an rufe ba a ji."

Malam Uba ya miƙe a hankali. "Jiya da nake ta ɗaga hannu kamar mahaukaci, kana kallona?"

"Na yi musu fitila ai, Baba. Sau biyu na haska. Haka muke gaisawa a hanya."

"Fitila. Da rana tsaka. Ka gai da sa'o'in ubanka da fitila." Ya buɗe baki zai ƙara, ya tuna da buhun. "Tayar da ita."

Da suka tsaya a kwalbati babu wanda ya motsa. Malam Uba ya fito da rarrafe, ya je ya kama hannun Muhammadu Sani.

"Tashi ka shiga."

"In shiga me? Wannan akwatin? Ni da raina?"

"Don girman Allah, Sani. Ka shiga ka yi musu sallama, shi ke nan abin da na roƙe ka."

Aka yi ta fama. Malafarsa ta ƙi shiga, sai da aka cire. Sandar ma ta ƙi, ya ce ba zai rabu da ita ba, aka karkata ta. Ya zauna dungurgur kamar ya faɗa rijiya, yana ta salati. Abdulsamad ya rufe ƙofa. Dattawa suka taso suka kewaye motar, kowa ya sunkuya, kowa ya ga gemunsa.

"Yana ciki kuwa?"

"Sani! Ka yi magana mana!"

Shiru. Sai motar ta ɗan girgiza. Da aka buɗe, sai ga Muhammadu Sani ya yi gumi sharkaf, hannu a sama, yana cewa, "...alaikum, na ce! Kurame ne ku? Har gwalo na yi wa Dalhatu!"

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Malam Uba bai yi ba. Idonsa yana kan rana.

"To kun gani. Mu tafi, don Allah, ruwa zai ƙare."

Muhammadu Sani ya fito, ya karɓi malafarsa, ya koma kan tabarma ya zauna. Ya daina dariya.

"Na gani. Ka yi sallama, ban musa ba yanzu. Amma in tambaye ka. Gilashi ya ɓoye hannunka. Ƙofar fa, a kulle take? Tun da muke, ka taɓa wuce wurin nan a keke ba ka sa ƙafa a ƙasa ba? Jiya ka ga ba mu amsa ba, maimakon ka ce a tsaya ka ji ko lafiya, sai ka ce hassada muke. Ko ba haka ka ce a ranka ba?"

Muhammadu Sani ya ɗora da cewa:

"Mu ma mun zalunce ka, mun ce ka yi girman kai. To an yi ɗaya-ɗaya. Amma gaisuwar jiya tana nan ba a yi ta ba."

Babu wanda ya fi Malam Uba sanin abin da kowane ɗan jinkiri yake ci masa a ƙarƙashin buhun nan. Ya tuɓe takalmi, ya hau tabarma, ya durƙusa gaban amininsa ya miƙa hannu.

"Ina wuni, Sani?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya shanu?"

"Sun gode. Sai dai jar saniyar nan, ƙafarta har yanzu."

"Ash! Ba a samo mai allurar ba?"

Aka bi zancen saniya har ƙarshensa. Ya matsa gaban Dalhatu, aka yi na ciwon baya. Ya matsa gaba. Bai tsallake kowa ba, bai gajarta wa kowa ba, inuwar darbejiya tana ta tsawo tana haye hanya. Abdulsamad ya ga haka, shi ma ya cire takalminsa mai tsada ya bi bayan ubansa a tsugune, ɗaya bayan ɗaya.

Da aka gama Muhammadu Sani ya dogara sanda ya miƙe. "To, Kaɗo, sai ka zauna nan? Iri yana mutuwa kana ta surutu! Kai Dalhatu, aika a kira yara. A biya a taho da Usaini. Kai kuma mai fitila, wannan abar taka ba za ta hau gaɓar kanal ba, bar ta nan, ka naɗe wando."

Suka isa gona a guje, tsofaffi a keke, samari a ƙafa. Iyatu ta dasa kunya biyu ita kaɗai, bayanta ya ƙage. Ba wanda ya kalli dambu. Aka yaye buhu, aka rarraba iri, aka jeru cikin taɓo, kowa ya sunkuya: a soka yatsa, a sa tushe, a danne, a matsa. Abdulsamad yana dasawa a karkace, Usaini yana binsa yana gyarawa yana cewa, "Alhaji, wannan ba sitiyari ba ne, a miƙe ake sa shi."

Ana kiran magariba ruwan kanal ya fara ja da baya. Mai geti ya rufe. Suka bi danshin da ya rage har inda ya tsaya, sannan suka miƙe. Kunyoyin gabas sun cika, shuka a jere. Na yamma kuwa ƙasa ce a bushe, kuma damin da ya rage a gindin mangwaro ya riga ya kwanta, ko an dasa ba zai tashi ba.

Malam Uba ya ɗauki damin, ya juya shi a hannu, ya ajiye a kan iyaka.

Muhammadu Sani yana wanke ƙafa a sauran ruwan. Bai ɗago ba ya ce, "Ina da ragowar iri, amma sai ruwan wani makon. Zai yi baya, ba zai kama kasuwar farko ba."

"Na sani."

"Ka zo ka ɗauka. A keke."

Iyatu ta buɗe masakin dambu. Ya huce tuntuni, suka yi alwala suka yi salla a bakin gona, sannan suka zauna suka cinye shi a haka.