Katangar da Baba Ya Gina

Kwana shida da binne Baba, maƙwabcinmu mai walda ya yi sallama da hantsi. Tun ranar farko ya yi mana gaisuwa, shi ya sa na yi mamaki da ya ce wurin Inna ya zo. Na shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakinta, ita tana daga bayan labule tana takaba.

Ya zauna ya fara magana.

"Hajiya, na rasa ta inda zan fara. Sau biyu ke nan ina ganin marigayi a mafarki. Yana tsaye cikin likkafani, gumi na zubo masa, ga bulo a kafaɗarsa. Ya ce in gaya wa iyalinsa su sauke masa katangar nan."

Katangar da yake nufi ita ta raba gidanmu da shagonsa, Baba ya gina ta shekara goma sha biyu da suka wuce. Ni kuwa na san shagon ya yi masa kaɗan. Ko watan jiya na gan shi da tef yana auna bayan shagon, yana ganina ya naɗe.

Na ce, "Baba yana da mata da 'ya'ya biyar. Duk ya tsallake mu, sai wurinka ya je?"

"Ni ma na tambayi kaina haka," in ji shi, idonsa a ƙasa.

Bayan ya tafi na tarar da Inna tana kuka. Ta ce tun tana yarinya take jin cewa wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasar wani, za a rataya masa ita a wuya ranar ƙiyama. Na ce mata mutumin nan fili yake so, ya ga babu mai gida ne. Ta ce, "To in gaskiya ya faɗa fa? Kai kana kwance a kan katifa, babanka yana can da bulo a kafaɗa?" Ranar ko ruwa da ƙyar ta sha.

Bayan la'asar na tare liman a ƙofar masallaci na kwashe komai na gaya masa. Ya ce ba a yanke hukunci da mafarki, kuma halin da mamaci yake ciki a kabarinsa Allah kaɗai ya sani. Har na fara murna, sai ya ƙara da cewa, "Amma haƙƙin mutane ba ya faɗuwa don an mutu. Bar batun mafarki, ka je ka auna."

Na ɗauko takardar filin daga akwatin Baba, na kira mai awo. Da gangan na nemo wanda bai san mai walda ba, daga wata unguwa. Ya ja igiya daga dutsen iyaka na bakin titi zuwa na baya, ya sake ja, sannan ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Katangarmu ta shiga filin maƙwabci da faɗin bulo ɗaya, tun daga farkonta har ƙarshe.

Na dubi mai walda, wanda ya fito yana kallon awon. Bai yi kama da wanda ya ji sabon labari ba.

"Ka daɗe da sani," na ce.

"Na yi zargi."

"Me ya hana ka faɗa masa yana raye?"

"Babanka ba a faɗa masa magana sau biyu."

"Mafarkin fa?"

Ya ce wuta na jiran sa a shago, ya juya.

Inna ta ce kada katangar ta ƙara kwana uku a tsaye. Na nemo tsohon maginin da ya gina ta, don shi ya san tushenta. Muna cikin sauke bulo na ce masa ai kuskuren awo ne, kowa yana yi. Ya ajiye guduma ya dube ni.

"Ni ban yi kuskure ba. Na nuna wa babanka dutsen a lokacin. Ya ce in ja igiyar daga nan."

Ban gaya wa Inna wannan ba. Da aka gama sabuwar katanga ta aika wa mai walda da roƙon ya yafe wa marigayi, ya ce ya yafe duniya da lahira. Har yau muna gaisawa, amma ban yarda ya yi mafarkin nan ba.

Ranar Juma'a na je maƙabarta ni kaɗai. Na yi wa mazauna wurin sallama, na tsuguna a gefen kabarin Baba. A da nakan roƙa masa gafara ne kamar yadda ake roƙa wa kowane mutumin kirki. Ranar nan na daɗe, ina tuno sauran abubuwan da ya gina, da mutanen da suka daina zuwa gidanmu ban taɓa tambayar dalili ba. Da na koma gida na zauna kusa da Inna, na ce ta lissafo mini duk wanda ta san Baba ya taɓa saɓawa da shi.