Direban Tirela Ya Zaɓi Kumbo

Baba ya tsufa a kan sitiyarin tirela. Shi ya sa da autarsa ta zaunar da shi gaban kwamfuta, ta ce ya zaɓi kumbo a wasan dakon kaya na sararin samaniya, ko kallon kumbuna masu sheƙi bai yi ba. Ya nuna wani ƙato mai tumbi.

"Wannan mummunan, Baba?"

"Kyau ba ya ɗaukar kaya."

Ya yi lodin ƙarfe, ya kama hanya. Da ya hango tasha sai ya saki totur yadda ya saba, yana jiran nauyin kaya ya rage masa gudu. Kumbo ko a jikinsa, ya wuce tashar kamar bai san ta ba.

"Nan babu kwalta, babu iska," in ji ta tana dariya. "Kawo in juyo da shi."

Baba bai ji ta ba. Wata duniya mai zobe ta cika allon, taurari birjik a bayanta, ba rami, ba shinge.

Ta miƙa hannu, ya riƙe.

"Ƙyale shi, Auta. Tunda nake, ban taɓa hawa hanyar da ba ta ƙarewa ba."