Inda Adda Za Ta Ci

Hannun Adda ya fara rawa a kan gwiwarta tun kafin a kira azahar. Haladu ya hango daga inda yake tsaye kusa da babur ɗinsa. Uwar matarsa ce. Da sassafe ya ɗauko ta daga rugarsu a bayan Sule Tankarkar zuwa Gumel, wurin babban taron wata ƙungiya da ta ce za ta raba wa matan da mazansu suka rasu injinan markaɗe. Kafin su taso sai da matarsa Safara'u ta ja shi gefe.

"Ta sha maganin sugarta, amma ko koko ta ƙi sha don sauri. Kada ka bari rana ta raba ba ta ci komai ba. Faɗuwa take yi."

Ga rana ta raba. Manyan baƙi suna cikin zaure mai sanyi, ana ta jawabi. Matan kuwa, sun fi ɗari uku, an jera su a waje ƙarƙashin rumfar leda, an ce wadda aka kira sunanta ba ta nan, ta yi wa kanta. Sau biyu ana fitowa ana ɗaukar su hoto. Ko ruwa ba a miƙa musu ba.

Ya nufi ƙofar zauren, inda ake shiga da kwalayen abinci.

"Na masu kati a wuya ne," in ji mai gadin.

"Tsohuwa ce, ba ta da lafiya."

"Duk tsofaffi ne, malam. Matsa."

* * *

Abinci ba ya wuya a Gumel. Wurin cinsa ne wahala. Adda Bafulatana ce ta da. Tunda ta yi wayo ba ta taɓa kai loma baki a gaban maza ba, balle a bainar jama'a, balle kuma a gaban suruki. Shekara goma sha huɗu Haladu yana auren 'yarta, bai taɓa ganin ta sha ko ruwa ba. Ya san in ya kai mata leda cikin matan nan, godiya za ta yi ta tura ƙarƙashin mayafi har ta sume.

Ya leƙa wurin mai shayi: direbobin Maigatari cike da benci. Ya shiga wani gidan abinci a bakin titi: samari sun kewaye talabijin suna ihun ƙwallo. Da ya tambayi mai tuwon kusa da tasha ko tana da ɗaki, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗaki kake nema ko tuwo? Kai, amarya ka kawo?"

Aka kwashe da dariya. Ya yi gaba.

A wani lungu bayan katangar wurin taron ya tarar da wata dattijuwa tana kwashe shinkafa da wake a ƙofar gida. Juwairiyya sunanta. Ya yi mata bayani yana sosa ƙeya. Ba ta yi dariya ba.

"Tawa uwar ma haka take," ta ce. "Je ka kawo ta. Ga ɗakina nan, akwai labule."

Ya koma ya durƙusa nesa kaɗan da Adda, kansa a ƙasa.

"Inna, wata baiwar Allah ce a nan baya ta ce ki je ki yi salla a ɗakinta."

Bai ambaci abinci ba. Ita ma ta gane, ba ta ambata ba. Leɓɓanta sun bushe, gumi na tsattsafo mata a goshi.

"In aka kira fa, uban Muhsina?" Da sunan 'yarsa take kiransa, don kunyar suruki.

"Yanzu aka fara kiran matan Gagarawa. Kafin a zo kanmu da saura."

Ta miƙe da kyar. Ya bi ta a baya, hannunsa a shirye, amma bai taɓa ta ba.

* * *

Juwairiyya ta shigar da kwano, ta saki labule. Haladu ya tsaya a waje, ya juya wa ƙofar baya, yana kallon katanga. Can ya ji ƙarar cokali, a hankali, kamar mai tsoron kada a ji. Ya sauke numfashi.

Sai lasifika ta ɗauka daga ƙetaren katanga. Ashe an tsallake sauran Gagarawa, wai babban baƙo yana sauri.

"Adda Manu, daga Sule Tankarkar!"

Ƙafarsa ta motsa da kanta. In ya ɗaga murya yanzu, za ta ajiye cokalin ta fito da gudu, loma uku a cikinta, cikin wannan rana. Ya tuna marayu huɗu na ɗanta da take riƙo, da yadda ta share wata guda tana faɗin inda za a kafa injin. Ya kuma tuna rawar hannun nan. Ya tsaya.

"Adda Manu!" aka sake kira. Aka yi shiru kaɗan. Sannan muryar ta ƙara ƙarfi: "Yauwa, ga ta nan ta fito! Jama'a, a tafa mata!"

Tafi ya tashi raf-raf-raf. Juwairiyya ta dube shi, ludayi a hannu.

"'Yan uwan masu rabon ne," ta ce ƙasa-ƙasa. "Suna nan zaune a gaba da gwala-gwalai, jira suke a kira a ji shiru, su fito su karɓa. Bara ma haka aka yi."

Cokalin ya dakata a bayan labule.

"Uban Muhsina," in ji Adda, muryarta ta ɗan dawo, "wa ake yi wa tafi?"

Haladu bai juyo ba.

"Wata ce, Inna. Ki yi a hankali, babu sauri."

Juwairiyya ta ɗebo wani ludayin wake, ta zuba mai, ta ɗaga gefen labulen ta shige. Shi kuwa yana nan tsaye, fuskarsa ga katanga, ana ta kiran sunaye ana tafi, har cokalin ya ci gaba.